Abin da Ka Tono a Kufai, na Wa Ne?

Ga wata mas'ala da ta taso daga nesa, amma hukuncinta bai yi maka nisa ba.

A Amurka akwai mutane masu yawo da wata na'ura kamar sanda, da faifai a ƙasanta. In an wuce da ita kan ƙarfen da ke binne sai ta yi ƙara. Wurin da suka fi so shi ne kufan gidajen zamanin da Ingila ke mulkin ƙasar, wato kafin 1776. Gidan katako ya ruɓe tuntuni, saura ramin ƙarƙashinsa da tsohuwar rijiya. A nan suke tono maɓallai da harsashin dalma da kwabban tagulla masu kan Sarki Joji da azurfar Sifen. In ka tambaye su sai su ce ai ba mai shi, ƙasa ce ta ba su.

To, ka saurara. A 2014 wani mai wannan tono, Jim Bailey, ya tsinci ɗan kuɗin azurfa a wata gona a jihar Rod Ailan. Da aka duba sai ga rubutun Larabci, bugun ƙasar Yaman na 1693. Me ya kai shi can? A 1695 wani ɗan fashin teku Bature, Henry Every, ya tare jirgin Ganj-i-Sawai na Sarkin Indiya Aurangzeb, yana ɗauke da alhazai masu komawa gida daga Makka. Suka kashe, suka ci mutuncin mata, suka kwashe zinariya da azurfa. An rataye wasu yaransa a Landan a 1696, shi kuwa ba a taɓa kama shi ba. Bailey ya ce wasu daga 'yan fashin ne suka gudo Amurka da kuɗin. Akwai masanan da suka ce fatauci ma yana iya kawo shi. In maganarsa ce daidai, ka ga abin da ake cewa ba mai shi, ganimar fashi ce daga jirgin alhazai. Shekara 300 a cikin ƙasa ta sa azurfar ta yi baƙi, amma ba ta sāke yadda aka same ta ba.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba wannan gida biyu. Abin da mutanen jahiliyya suka binne shi ne rikazi: a fitar da humusi, wato ɗaya cikin biyar, saura na mai ƙasar ne, in kuwa ƙasar ba ta da mai ita, na wanda ya tono. Amma abin da ke da alamar Musulmi, tsintuwa ce, sai an yi cigiyarta shekara guda. Lura fa, kafin a ce wa zai ci, an fara tambayar wa ya ajiye.

Na san za ka ce, haba malam, cigiya ga wanda ƙashinsa ma ya zama ƙasa? Gaskiya ne ba magajin da zai fito. Amma cigiya ba mayar da kaya kaɗai ba ce, hana kanka ɓoyewa ce. Bailey ya buga bincikensa a 2017, kowa ya gani, har masu musa masa suka sami abin dubawa. Da ya sayar a ɓoye, da ya sami 'yan daloli, labarin kuma ya sake binnuwa, wannan karon har abada. Domin kwabo in ya bar raminsa ba a rubuta inda ya fito ba, ya daina ba da shaida, ya koma ƙarfe kawai.

Sai haƙƙin mai gona, wanda shi yana raye. Ba a shiga sai da izininsa, kuma izinin shiga ba kyautar abin da aka samu ba ne, sai an faɗa tun farko. Su ma can, dokar 1979 ta hana tono kayan tarihin da suka kai shekara 100 a filin gwamnatin tarayya ba da takarda ba.

Kai kuwa taka ta fi sauƙi, ta kuma fi nauyi. In kana haƙar tushen gini a kufai ka ci karo da tukunyar sulalla da anini da kwabo mai huji, kada ka kira ta rikazi. Naira ba ta zo ba sai 1973. Wanda ya binne tukunyar nan, watakila jikansa ne ke tsayawa kusa da kai a sahu. Ka je wurin mai unguwa da dattawa, ka tambayi gidan wa ne a da, kada ka faɗi adadi ko kamar tukunyar, ka bar mai da'awa ya siffanta da bakinsa.