Me Musulmi Zai Je Nema a Kogon Buda?

Bahaushe matafiyi ne tun asali, amma bai san tafiyar da ba ta da dalili ba. Fatake sun taka har Gwanja don goro. Almajiri ya yi gabas don karatu, ɗan cirani ya yi kudu idan an gama girbi, alhazan da kuwa sukan shekara biyu ko uku a hanyar Makka suna tafe suna ƙodago. Kowace tafiya da sunanta, kuma idan mutum ya dawo ana tambayarsa abin da ya samo. Wanda ya fita don ya kalli abu kawai ya dawo hannu rabbana, ba mu da sunan kirki da muke ba shi. "Yawon buɗe ido" da muke ji a rediyo sabuwar magana ce, tsofaffi gantali suke cewa.

Shi ya sa ƙura ta tashi a danginmu na Gumbin Kure lokacin da wani ƙanenmu da ke karatu a birnin Pune na ƙasar Indiya ya tura hotuna a zauren WhatsApp na gida. Hutu ya samu, shi da matarsa suka tattara 'yan canjin da suka rage musu, kowa ya goya jaka, suka shiga jirgin ƙasa ɓangaren talakawa. Sun kwana a ɗakunan haya masu araha, sun ci shinkafa da wake a bakin tasha, har da garin kwakin da ta tafi da shi daga gida. Da Dalhi ko Agra suka je da babu mai magana. Ajanta da Ellora suka nufa, kogunan da mabiya addinin Buda suka sassaƙa a cikin dutse. Kafin magariba kawunmu ya aiko da saƙon murya, gajere: "Kai yaro, mi kuka tai nema ɗakin gumakka? Kuma hadda ɗiyar mutane ka ja?"

Ya kamata mai karatu ya san wurin kafin ya yanke hukunci. Ajanta wani kwazazzabo ne mai lanƙwasa a jihar Maharashtra, rafi na gudana a ƙasansa, kimanin kilomita 100 daga birnin Aurangabad. (Ga masu son sani, a bayan garin nan akwai masana'antar Bajaj, masu ƙera irin baburan da 'yan kabu-kabu ke hawa a Jega da Aliero.) A jikin dutsen an huda koguna kusan 30. Na farkon sun kai shekara 2,000 da ɗoriya, sauran an yi su wajen ƙarni na 5 miladiyya, wato kafin haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba gini aka yi ba, sara aka yi da guduma da ƙarfe har zaure ya fito da ginshiƙansa. Akwai ɗakunan ibada, akwai ƙananan ɗakunan kwana na masu zuhudu da gadon dutse, inda suke fakewa da damina. Bangon cike yake da zane mai launi na sarakuna da 'yan kasuwa da giwaye da mata masu ado. A kogo na 26 akwai siffar Buda a kishingiɗe, tsawonta ya kai mita 7. Ellora kuma koguna 34 ne, na 'yan Buda da na Hindu da na Jain a jere a dutse ɗaya. Hukumar UNESCO ta sa wuraren biyu cikin kayan tarihin duniya a 1983.

Ba na cikin masu yi wa Kawu dariya. Maganarsa tana da tushe, kuma wanda bai ji nauyinta ba bai fahimci abin da ake gardama a kai ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa gumakan mutanen Annabi Nuhu asalinsu siffofin wasu bayin Allah ne na ƙwarai, aka yi su don tunawa, sai da zamani ya ja aka koma bauta musu. Ba a kwana ɗaya abin ya faru ba. Ido ne ya fara sabawa, zuciya ta biyo baya. Akwai kuma abin da ya faru a hanyar Tabuka, da rundunar Musulmi ta biyo ta Hijir, garin Samudawa, waɗanda su ma gidajensu a dutse suka sassaƙa. An hana sahabbai shiga sai dai in da kuka, an umarce su su zubar da ruwan da suka ɗiba. Tsoron Kawu ke nan: cewa sha'awar kyan abu ƙanwar girmama shi ce, kuma wanda ya tsaya baki buɗe gaban gunki yana cewa "kai, an yi aiki a nan" ya riga ya ba shi wani abu daga zuciyarsa.

Duk da haka ina ganin kallo daban, yarda daban, kuma magabata sun san wannan bambanci fiye da mu. Alƙur'ani a wurare da yawa ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa don a ga ƙarshen waɗanda suka gabata, ba kuwa kufan muminai kaɗai ake nufi ba. Shi kansa labarin Hijir, a fahimtata, halin da mutum zai shiga da shi ya fi jaddadawa: kada a shiga da shewa. Musulmi sun ci Masar wajen shekara ta 641, dalar Fir'auna tana nan har gobe. Albiruni ya koyi Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafi guda kan aƙidunsu wajen 1030, yana faɗin abin da suka ce yadda suka ce shi, bai fasa zama Musulmi ba. Ibn Batuta, wanda ya zo har Takedda ya ambaci Gobir, ya hau dutsen Sarandib a Siri Lanka, inda Musulmi ke cewa sawun Annabi Adamu ne, 'yan Buda na cewa na Buda ne. Kuma a watan Maris na 2001, da Taliban suka ƙudurta rusa manyan siffofin Buda na Bamiyan, ɗaya mita 55 ɗaya mita 38, tawagar malamai ce ta tafi Kandahar don ta hana su, cikinsu har da Shaihu Yusuf Alƙardawi da muftin Masar na lokacin. Ba su yi nasara ba. Amma siffofin nan sun shekara fiye da dubu a ƙasar Musulmi, ba su hana kowa salla ba.

Abin da ya fi damuna a hotunan ba shi ne ya dami Kawu ba. A cikinsu akwai guda da ƙanen namu ya zauna ya harɗe ƙafa a gaban wata siffa, ya rufe ido, ya ɗaga hannu yana kwaikwayonta, bakinsa da murmushi. Kawu ya ga kamar ibada. Ni izgili na gani, kuma ina ganin ya fi kusa da abin da aka hana a Hijir fiye da shigar kanta.

Ajanta ta taɓa ganin irin wannan baƙo. Bayan an watsar da wurin daji ya rufe shi, sai a 1819 wani hafsan sojan Ingila mai suna John Smith ya fito farautar damisa ya hango bakin kogo na 10. Ya shiga, ya ga zanen da ya shekara aru-aru yana jiran ido, abin da ya fara yi shi ne ya karce sunansa da kwanan wata a kai. Rubutun yana nan. Smith bai bauta wa komai ba, bai kuma rusa komai ba. Laifinsa shi ne ya tsaya gaban aikin da wasu suka ƙarar da rayuwarsu a kai, bai ga kowa a wurin ba sai kansa. Wayar hannu ta mayar da mu duka 'yan'uwan Smith. Muna zuwa wuri mu juya masa baya don fuskarmu ta fito a hoto. Ko a gaban Ka'aba haka ake yi yanzu, mutum yana ɗawafi yana gyara hula.

Sannan kogunan ba kufai ba ne ga kowa. Masu ziyara suna zuwa daga Tailan da Japan da Siri Lanka, kuma a Maharashtra kanta akwai miliyoyin 'yan Buda, jikokin waɗanda al'umma ta mayar ƙasƙantattu har suka bi Ambedkar suka sauya addini a Nagpur a 1956. Wataƙila ɗaya daga cikinsu yana tsaye a gefe lokacin da aka ɗauki hoton nan. Mai karatu ya ƙaddara wani bature ya zo Hubbare a Sakkwato, ko ƙabarin Malam Abdullahi a Gwandu, ya ɗaga hannu yana kwaikwayon addu'a yana dariya abokinsa na ɗauka. Ba sai ya yi imani da abin da muka yi imani da shi ba kafin mu ce ya yi rashin kunya. Cire takalmin da ake sa kowa ya yi a ƙofar kogunan zane ba sujada ba ce, ladabin baƙo ne a gidan da ba nasa ba.

Inna kuwa ba ruwanta da Buda. Lissafi ta yi: kuɗin jirgi da na ɗaki da na shiga, wanda baƙo ke biyan ninki fiye da goma na ɗan ƙasa, da sun sayi buhun taki nawa ga albasar bana? Wannan tambaya ba ni da amsar da za ta gamsar da ita, don taki ana ganin amfaninsa a sikeli. Sai dai na lura da wani abu a maganar matar da ta kira gida. Ta ce tun da aka kai ta ɗaki ba su taɓa yin kwana biyar a jere suna tafe kafaɗa da kafaɗa ba. A gida shi yana majalisa ita tana tsakar gida, idan an fita yana gaban babur tana baya. A can ita ke riƙe da kuɗi, ita ke ciniki da mai keke, shi yana ɗauke da jakarta idan hawan dutse ya yi tsanani. Ta ce a ɗaya daga cikin ɗakunan masu zuhudun ta shafa gadon dutsen, ta ce masa, "Maigida, waɗannan fa da gaske suke." Ba cewa ta yi suna kan daidai ba. Ta dai gane cewa mutum yana iya kwana kan dutse shekara da shekaru saboda abin da ya gaskata, kuma da la'asar ta yi sun nemi masallaci sun yi sallarsu. Irin wannan sani ba ya rage imani a wurina. Girman kai yake ragewa, kuma samarinmu da suka koyi addini a gajerun bidiyo suna da buƙatarsa.

Abin da ban yafe wa kowa ba a cikinmu shi ne Surame. Ƙanen namu ya ƙetare teku ya ga Ajanta, bai taɓa taka birnin Kanta ba. Kawu ma bai taɓa ba, ga shi kullum yana alfahari da Kabi. A ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Songhai ya kafa daularsa, ya kewaye Surame da ganuwar dutse, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da ake gini da laka. An bar garin a farkon ƙarni na 18. Kufansa yana ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Jega. Babu gunki a can da za a ce shi ya hana mu. Gidan tarihin Kanta da ke Argungu ma, yawancinmu sai dai mu wuce ta gabansa ranar kamun kifi a Matan Fada.

An ayyana Surame cikin kayan tarihin ƙasa a 1964, aka sa ta a jerin masu jiran amincewar UNESCO a 2007. Shekarun da hanyar take lafiya, muna cewa wa zai ƙona mai don ya kalli tarin duwatsu. Yanzu 'yan bindiga sun shiga dazukan Binji da Tangaza, wanda ya so zuwa sai ya yi ta tambayar ko hanya ta faɗa.