Ƙarancin Likitocin Haƙori a Mizanin Farilla ta Kifaya

Malaman fiƙihu sun kasa wajibai gida biyu. Akwai farilla ta aini, wadda ke kan kowane baligi, kamar salloli biyar. Akwai kuma farilla ta kifaya, wadda ke kan al'umma gaba ɗaya: idan wasu suka yi ta yadda buƙata ta biya, ta sauka daga kan sauran, idan kuwa aka bar ta, laifin ya hau kan duk mai iko da ya yi sakaci. Misalin da aka fi bayarwa a makarantun zaure shi ne sallar jana'iza. Amma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sanya ilimin likitanci a wannan sahu cikin Ihya'u Ulumiddin, har ya koka da yadda garuruwa suka cika da masu fatawa alhali likita Musulmi ya yi ƙaranci.

Kula da baki yana da gurbi sananne a Musulunci. Hadisai ingantattu sun kwaɗaitar da yin asuwaki a lokacin kowace salla. Izinin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba sahabi Arfaja na sanya hancin zinariya bayan an sare masa nasa a yaƙi, shi ne hujjar malamai wajen halatta ɗaure haƙori da zinariya. Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajajen 1013, ya zana kayan kankare dattin haƙora a littafinsa. Saboda haka babu shakka wannan fanni yana cikin likitancin da ake magana a kai. Abin da ke buƙatar bincike shi ne yaushe za a ce an sauke nauyin.

A nan misalin jana'iza yake gazawa. Mutum kaɗan sun isa su sallaci mamaci, ko garin na mutum ɗari ne ko na miliyan. Likitanci kuwa ana auna shi da yawan masu buƙata, kuma wannan adadi ba ya tsayawa wuri guda. Nijeriya ta haura mutum miliyan 200, hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya nuna za ta wuce miliyan 350 nan da 2050, yayin da likitocin haƙorin ƙasar ba su wuce 'yan dubbai ba, akasarinsu a manyan birane. An fara horar da su a Legas a 1966, kuma makarantun sun daɗe a Kudu kafin a buɗe irinsu a Maiduguri da Kano. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Karatun likitan haƙori yana cin shekara shida, don haka ko yau aka ninka guraben ɗalibai, miliyoyin yara za a haifa kafin rukunin farko ya kammala. Wajibin da aka ɗauka an sauke jiya yana iya komowa yau, don kawai mutane sun ƙaru.

Sauyin bai tsaya a yawa ba. Ƙaura zuwa birni ta kawo lemon kwalba da alawa da shayi mai sukari, waɗanda ke haifar da kogon haƙori. Ciwon sukari yana yaɗuwa, shi kuma yana tsananta ciwon dasashi. A ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa matsalar ta ɗauki wata siffa. Japan ta ƙaddamar da gangami a 1989 domin mutum ya kai shekara 80 da haƙora 20 nasa na asali, kuma nasarar da aka samu ta ƙara aiki, domin tsohon da ke da haƙora ya fi wanda ya rasa su buƙatar likita.

Wanda ke ganin ciwon haƙori ƙaramin abu ne ya dubi cutar noma. Tana farawa da kumburin dasashi a bakin yaro mai tamowa, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe. Idan ba a yi magani ba, kusan tara cikin goma suna mutuwa, alhali a matakin farko wanke baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Kare rai na cikin manyan manufofi biyar na shari'a, kuma yaron da ya mutu don babu wanda ya duba bakinsa a kan lokaci, hakkinsa yana wuyan wani.

Tambayar da ta fi wuya ita ce a wuyan wa. Malamai sun ce farilla ta kifaya tana komawa ta aini ga wanda babu mai iya aikin sai shi, kuma wasu na kafa hujja da wannan wajen zargin likitocin da ke tafiya Ingila ko Saudiyya. Hujjar tana da ƙarfi a kan wanda aka horar da kuɗin jama'a kuma shi kaɗai ne a yankinsa. Sai dai likitan da ba shi da kujerar aiki, ba wutar lantarki, ba albashin da zai riƙe iyali, ikonsa ragagge ne, shari'a kuwa tana ɗora nauyi gwargwadon iko. Mai ikon buɗe makaranta, da ɗaukar ma'aikata, da tura su karkara, ita ce hukuma. Bayanta sai attajiran da za su iya yin waƙafi don karatun ɗalibi, da malaman da ba kasafai suke ambaton wannan a mumbari ba.

Sharaɗin shi ne biyan buƙata, ba lallai sai da cikakken likita a kowane ƙauye ba. New Zealand ta fara horar da mata masu kula da haƙoran 'yan makaranta tun 1921, kuma ma'aikacin lafiya na matakin farko zai iya koyon gane noma da wuri. Matuƙar akwai ƙananan hukumomin da mai ciwon haƙori ba shi da wurin zuwa sai wajen wanzami, wannan farilla ba ta sauka ba, kuma mafi girman kasonta yana kan masu riƙe da baitulmali.