Labarin Inji da Hukuncin Bakanike

Malaman balaga sun daɗe da yin ittifaƙi a kan cewa labari shi ne zancen da yake iya ɗaukar gaskiya kuma yake iya ɗaukar ƙarya, har sai an sami hujjar da ta rinjayar da ɗayansu. A ganina babu inda ake bukatar wannan ƙa'ida a zamaninmu kamar gaban allon katafila, sa'ad da fitila ta kama, lamba ta bayyana, inji ya rage ƙarfi, alhali ga hanya an tone rabinta, ga leburori sun yi cirko-cirko, ga ɗan kwangila yana lissafin hasarar yini. A wannan hali ne mas'ala take tasowa: shin lambar nan hukunci ce da ya wajaba a zartar, ko kuwa ruwaya ce da ya wajaba a bincika?

Ya kamata mai karatu ya sani cewa ƙwaƙwalwar inji, duk da girman da ake ba ta, ba ta taɓa ganin baƙin mai ba, ba ta taɓa jin zafin ruwan lagireto ba. Tana zaune ne cikin akwatinta na ƙarfe, iyakar saninta abin da aka kawo mata. Sensa ce take shaida abin da ya auku, ta faɗa wa waya, waya ta miƙa wa soket, soket ya isar ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta rubuta a allo. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai gane wannan silsila da ganinta, gama isnadi ce sosai, kuma kowane maruwaici a cikinta yana iya mantuwa, ko ruɗewa, ko yankewa daga wanda ya gabace shi.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne injiniyoyin da kansu sun yarda da haka. A ƙa'idar J1939, wadda ƙungiyar SAE ta Amurka ta shimfiɗa bisa hanyar sadarwa ta CAN da kamfanin Bosch na Jamus ya bayyana a 1986, kowace lamba kashi biyu ce: SPN tana faɗin abin da ake tuhuma, FMI tana faɗin nau'in aibin. SPN 100 matsin baƙin mai ne, SPN 110 kuwa zafin ruwan inji. To, idan 100 ta zo tare da FMI 1, ma'anarta an karɓi shaidar sensa, kuma matsin ya faɗi ƙasa ƙwarai. Idan kuwa ta zo da FMI 3 ko 4, ma'anarta lantarkin da ya dawo ya haura ko ya gaza haddi, wato ba man ake zargi ba, masu kawo labarinsa ake zargi. Irin wannan sensa bolt 5 ake ba ta, ita kuma ta mayar da amsa tsakanin kimanin 0.5 da 4.5, aka bar gefe biyun nan fanko da gangan domin duk muryar da ta fito daga can a san ba ta mai lafiya ba ce. Jarahi da ta'adili ke nan, ilimin da Ibn Abi Hatim ya tara wa littafi, sai dai nan an zuba shi cikin jan ƙarfe.

Amma akwai wurin da mai hankali ma yake zamewa. Wata rana lambobi huɗu ko biyar za su taso a lokaci guda, har zuciya ta ce ai shaidu sun yi yawa, lalle injin ya lalace ta ko'ina. Malaman usuli kuwa ba su karɓi yawa shi kaɗai a matsayin tawaturi ba, sai in hanyoyin sun rabu tun daga tushe, ta yadda haɗuwarsu a kan kuskure ba za ta yiwu bisa al'ada ba. Sensa-sensan nan sau da yawa daga waya ɗaya suke shan bolt 5 ɗinsu, saboda haka idan ɗaya ta ƙone ta ja wutar ƙasa, ko wayar ta goge a jikin ƙarfe saboda jijjiga, ko ruwan damina ya kwanta cikin soket har ya yi tsatsa, dukansu za su yi kuka tare, alhali bakin da ya fara maganar guda ne. Bakaniken da ya fahimci wannan zai ɗauki mita ya auna wutar, ya riƙa zare sensa ɗaya bayan ɗaya har ta dawo daidai. Wanda bai fahimta ba zai sa a sayo sababbi biyar, kuɗin mutane su tafi, fitila kuma tana nan a kunne.

Mafi wuya duka ita ce ɓoyayyiyar illa, irin wadda su Ali ibn al-Madini da Daraƙuɗni suka ƙare rayuwarsu suna farauta: ruwayar da zahirinta lafiya lau, baɗininta kuwa da rauni. Sensa takan tsufa ta karkace kaɗan, tana faɗin ƙarya amma cikin haddin da aka yarda, don haka ƙwaƙwalwa ta gaskata ta. A nan kwamfutar binciken inji irin ta Cat ET ko INSITE ba za ta ƙara kome ba face maimaita zancen maruwaicin nan, sai an ɗaura geji na hannu a jikin injin, shaida na biyu wanda bai bi ta waya ba.

Masu taƙalidi, waɗanda suke canza duk abin da lamba ta ambata, laifinsu ɓarnar dukiya ne, kuma koyarwa tana maganinsa. Waɗanda suke damuna su ne masu ɗaya gefen, waɗanda idan fitila ta dame su sai su goge lambar ba tare da bincike ba, ko su cusa rizisto a madadin sensa domin ƙwaƙwalwa ta riƙa jin lafiya kullum. Wannan ƙirƙirar ruwaya ce, kuma ha'inci ne ga mai injin da ya ba da amana, da direban da yake zaune bisa kujera, da wanda zai sayi injin daga baya. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat, da ta yi maganar labarin wanda ba a amince da shi ba, ba ta ce a jefar da shi ba, bincike ta yi umurni da shi. Idan kuwa har sensar gaskiya ta faɗa, matsin man ya faɗi da gaske, to injin da aka toshe wa baki zai ci gaba da juyawa ƙarfe bisa ƙarfe, kuma ba zai daɗe ba zai buga.