Icce Tun Yana Ɗanye

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Wannan ba ta buƙatar fassara. Abin da ya sa na ɗauko ta shi ne yadda na ji an kafa hujja da ita a wata unguwa ta garin Gaya, a jihar Dosso ta Nijar, a kan yaron da bai cika shekara huɗu ba. Ya yi fitsarin kwance. Uwar ta shanya tabarmarsa a kan katanga inda kowa zai gani, ta bi shi da tsumagiya, yayyensa na yi masa waƙar amalala. Wata dattijuwa ta leƙo ta ce, "Haba 'yar nan, ya isa haka." Uwar ta ce, "Inna, ai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Tsohuwa ta ja bakinta, don ba a cika musu da karin magana ba.

To, ni zan yi. Fitsarin kwance ba hali ba ne balle bulala ta gyara shi. Likitocin yara ba sa ma ƙirga shi a matsala sai yaro ya kai shekara 5, saboda riƙe fitsari cikin barci yana jiran mafitsara ta yi ƙwari, jiki kuma ya fara rage fitsarin da yake tarawa da dare. Yana kuma bin jini: a tambayi kakar yaron yadda uban ya yi. A garin bakin kogi irin Gaya, inda yara ke wuni cikin ruwa da fadamun shinkafa, in aka ga jini a ƙarshen fitsari, tsargiya za a fara zargi, a nufi asibiti. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, ko da yake sau da yawa takardar sayen magani ake miƙo wa uwa.

Sai dai kada in yi wa karin maganar rashin adalci. Iyayenmu mata da wuri suke farawa, kuma suna cin nasara. Jariri na 'yan watanni, da ya farka ko ya gama shan nono, uwa za ta zauna a kan turmi ko kujera 'yar tsugunno, ta haɗa ƙafafunta, ta ɗora shi a kan ƙaurinta yana fuskantarta, ta riƙe hannayensa tana "sss, sss". Ba tsawa, ba duka. In yana goye, daga miƙar da ya yi da yadda ya ƙanƙame ta, ta san lokaci ya yi, ta kwance zane ta sauke shi. A gaskiya ita ce ta koyi yaron kafin shi ya koyi komai. Kafin a yaye shi ya san fo, ya san buta. Wannan aiki ne na mai lokaci. Matar da ke tsaye kan kayanta a tasha tun asuba ba ta da shi, shi ya sa famfas ya samu kasuwa. Ko da aka rufe gadar Malanbil da ke kan iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma ƙetarowa ta kwalekwale, farashi ya hau, mai hali ba ta daina saye ba.

Abin da ya fi damuna ma wani ne. A tanƙwara shi ya nufi ina? Fiye da rabin mutanen Nijar a fili suke bahaya. Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a ƙasar, salgar ƙasa kuwa kan rufta da damina. Wace uwa za ta tura ɗan shekara biyu bakin ramin da ita kanta take takawa da addu'a? Sai a tsugunar da shi a tsakar gida, a kwashe a watsa bayan katanga, wai kashin yaro ba ya da cuta. Yana da ita, har ya fi na babba, kuma kwalarar 2021 ba ta tsallake jihar Dosso ba.

Masu wayar da kai na shirin tsaftar muhalli na ATPC suna shiga ƙauyuka suna zuga mutane kowane gida ya haƙa masai. Madalla. Amma da wuya ka ji an zaunar da uwa an faɗa mata shekarun da ya kamata ta jira, ko an tambayi maigida me ya hana shi zuba siminti a bakin ramin. Uwar nan mai tsumagiya ita ce mai wankin shimfiɗa kullum safiya, da ruwan da ta saya wajen ɗan garuwa, kuma ban ga wanda ya taya ta ba, har da mu masu ganin laifinta.