Ku Ɗauki Buroshi Kafin Hadari Ya Haɗo

Ƙurar hunturu ta lafa, bazara ta kawo kai. Duk wanda ya bi titin Kachia ta tsakiyar Sabon Tasha, ya leƙa Unguwar Boro ko Unguwar Pama, zai ga abin da watannin ƙura suka bari: bango ya yi jawur, labule ya yi futu-futu, fentin ƙofa ya koɗe. Masu fenti, magina, kafintoci, teloli masu ɗinkin labule, da ku samari masu riƙe tsani, sannunku da aiki. Wannan lokacin naku ne, ku tashi!

Kun fi kowa sanin cewa kwanakin ƙidayayyu ne. In aka shafa fenti a tsakiyar hunturu, ƙura ta manne masa tun yana ɗanye. In aka bari damina ta kankama, bango ya sha ruwa, fenti ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon rogo. Tsakanin ƙarshen Fabrairu da Afrilu ne bango ke bushe ƙayau, kuma mu nan kudancin Kaduna, musamman wajen Kafanchan da Kagoro, ruwa kan riga na Kano da Katsina sauka. Ga kuma Ista a cikin waɗannan makonni, kowa na son baƙonsa ya tarar da gida fes. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Na san abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, bokitin fenti mai lita 20 ya bi shi, siminti ma haka. Mai gida zai kira ka, ku zagaya ɗaki uku, ka faɗi kuɗi, ya ce sai ya yi shawara, shiru kake ji. A irin wannan matsi ne zuciya ke raya wa mutum ya tsarma ruwa fiye da kima, ya shafa hannu ɗaya ya karɓi kuɗin hannu biyu. Ɗan'uwa, kada ka yarda. Ruwan farko zai tona asirin bangon, sunanka kuma ya ɓare tare da fentin.

Akwai wani dattijon mai fenti da ya taɓa yi mana aiki a gidan haya. Ya iso da asuba, amma har azahar bai buɗe bokiti ba. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya kankare tsohon fenti, ya bi da sanfefa, ya goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Da ya tarar da wata tsaga siririya ƙarƙashin taga, sai ya kira yaronsa ya ɗora masa yatsa a kai, ya ce: "Ka ji ta? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kawo siminti." Washegari ya fara shafa, yana bin inuwa: bangon yamma da safe, na gabas da la'asar, domin bangon da rana ta gasa yana busar da fenti kafin ya kama. Ranar da ya gama, mahaifiyata ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi kafin ta shiga ɗakinta na shekara da shekaru.

Kada wani ya ce muku aikinku ado ne kawai. Launi mai duhu yana shanye zafin rana ya riƙe shi har dare, fari da ruwan madara kuwa suna mayar da shi. Shi ya sa a birnin Ahmedabad na Indiya ake shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti don rage zafin ɗaki. Idan ka ba mai gida shawarar launi mai haske, kafinta ya gyara siling ya ɗaura ragar sauro don taga ta kwana a buɗe, tela ya sauke labule mai kauri ya rataya na auduga marar nauyi, to kun sama wa jariri da tsohuwa barci a daren Afrilu da babu wutar lantarki. Wanda kuɗinsa bai kai na fenti ba, ku shafa masa farar ƙasa da irin kulawar da za ku yi wa gidan attajiri.

Ku tuna ƙasar da kuke takawa. A Nok, cikin ƙasar Jaba, masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, aikin hannun da ya haura shekara 2,000. Ba wanda ya san sunayen waɗanda suka ƙera su, amma kyan aikin ya kai sunan yankinmu gidajen tarihi na duniya. Aikin da aka yi da gaskiya yana daɗewa fiye da mai shi.

Oga, ka koya wa yaronka awo da haɗin launi, kada ya ƙare a wanke rola. Yaro, ka sa ido, yau tsani kake riƙewa, gobe kai za a riƙe wa. Masu gida, ku biya lebura haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe, ku aje masa ruwan sha a inuwa.

Gobe da asuba ku wanke buroshi, ku ɗaure tsani, ku fita. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya daki bangon Sabon Tasha ya gangare ba tare da ya ɗebi ko ɗigon launi ba, mai wucewa zai tsaya ya tambayi wanda ya yi aikin. Allah ya sa albarka a guminku.