Haƙƙin Tsohon Da Gigi Ya Kama



Ya 'yan'uwa Musulmi, a nan Rafin Guza da maƙwabtanmu na Kawo, da wuya a ƙidaya gidaje masu yawa ba a sami wanda ke da tsoho ko tsohuwa da gigin tsufa ya kama ba. Ka ga dattijon da ya shekara arba'in yana sahun gaba, yau ya sallame Azahar ya sake kabbara. Ka ga uwa ta dubi ɗan da ta haifa, ta tambaye shi ko shi ɗan wane ne. Ta ci tuwo yanzu, baƙo ya shigo ta ce tun jiya ba a ba ta kome ba. Daga nan sai ka ji an fara ƙus-ƙus, wai neman fitina ne, wai alhaki ne, har marasa tsoron Allah su jefe ta da maita. Subhanallahi!

Alƙur'ani ya riga kowa ba da labarin wannan hali. A Suratun Nahli aya ta 70, da Suratul Hajji aya ta 5, an bayyana cewa cikin mutane akwai wanda shekaru za su ja shi har sanin da ya tara ya kuɓuce masa. Likitoci kuwa sun gano cewa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho yake samu ba. Wanda ya fi yawa shi ne irin da wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906. Wani irin kuma yakan biyo bayan hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan lalura sun kai miliyan 57 a 2021.

To, mene ne hukuncinsa? Sharaɗin wajabcin ibada hankali ne. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum uku da ba a rubuta musu laifi. Saboda haka in gigi ya yi nisa, babu salla a kansa, babu azumi, babu ciyarwa a madadinsa. In ya tashi zai yi salla a taimake shi da alwala, kada a tsaya gardamar raka'a da shi. Sai dai zakka, wadda a wurin Malikiyya haƙƙin dukiya ce, waliyyinsa ne zai fitar masa. Cinikinsa da kyautarsa da sakinsa duk ba su ƙulluwa. Masu kai wa uba takardar fili ya dangwala hannu bayan sun san ba ya gane kowa, su sani haram suka ci, ko da an buga hatimi goma a kanta. Suratun Nisa'i aya ta 5 ta hana a danƙa dukiya ga mai raunin hankali, ta kuma yi umurni a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikinta, a gaya masa magana mai daɗi.

Nauyin da aka sauke masa, a kan 'ya'yansa ya faɗo. A nan ne muka fi yin sakaci. 'Ya'ya bakwai, wannan yana Abuja, wancan yana Legas, sai a bar tsohuwa a hannun matar ƙaraminsu, ita ce wanki, ita ce kwashe ƙazanta, ita ce rashin barci, kuma ita ce ake zargi in tsohuwa ta ce an sace mata kuɗi. Ku sani jinyar surukai ba wajibi ba ce a kan matar ɗa. Alheri ne take yi, ya kamata a gode mata, a hutar da ita. Ciyar da iyaye matalauta kuwa wajibi ne a kan 'ya'ya masu hali, maza da mata. A zauna a raba kwanaki, wanda ke nesa ya aiko kuɗin magani da na mai taimako. Kada a yi fushi in mai jinya ta ce ta gaji, mutum ce. Umurnin Suratul Isra'i aya ta 23, na hana ko da furta ƙosawa ga iyaye, ya fi sauƙin cikawa ga wanda ya sami barci.

Neman magani kuma bai saɓa wa tawakkali ba. A fara da Babban Asibitin Kawo ko na Barau Dikko. In an tura ku Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ku ƙetare kogi ku je, babu abin kunya. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ciwon ba, amma akwai mai rage firgita da rashin barci. Kuma ba kowace rikicewa ce gigi ba. Tsohon da ya rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, mai yiwuwa zazzaɓi ne ko ciwon fitsari ko wani magani da ya sha, a gaggauta kai shi.

A gida kuwa, kada a ɗaure shi, kada a kulle shi shi kaɗai a ɗaki. Unguwarmu tana bakin kogi, da damina ruwa yakan cika, saboda haka a lura da ƙofar gida, musamman da almuru, lokacin da suka fi ɗaukar buta su ce za su tafi garinsu. A rubuta sunansa da lambar wayar ɗansa a ɗinke a aljihun rigarsa. A sanar da liman da mai unguwa da masu shaguna, domin wanda ya gan shi ya kama hanyar tasha ya komo da shi cikin mutunci. A kawar da wuta da magunguna daga inda hannunsa ke kai. In ya tambayi mahaifiyarsa da ta rasu tun da daɗewa, kada a sabunta masa mutuwarta kullum, a ja shi da hirarta. A riƙa karanta masa surorin da ya haddace a makarantar allo, domin sau da yawa abin da aka koya da ƙuruciya shi ne ke jimawa bai gushe ba.

Allah Shi ne Masani.