Begen Jiya: Kati Muke Nema Ko Ƙuruciya?

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, me ya sa magidanci mai iyali zai fitar da kuɗinsa ya sayi wasan da ya bari tun yana yaro?

A shekarar 1999 wani kamfanin ƙasar Japan, SNK, ya fito da wasan tara katuna mai suna Card Fighters' Clash, inda ya haɗa jarumansa da na abokin hamayyarsa Capcom a fage ɗaya. A 2022 aka sake fito da shi a na'urar Nintendo Switch, da tsofaffin zane-zanensa yadda suke. Wanda aka yi wa tallar shi ne yaron jiya da ya zama uba, aljihunsa ya yi nauyi.

Mu nan Sara ba mu san wannan na'ura ba a lokacin, amma mun san ciwon. Mun tara marafen lemo da kwalayen sigari, kowane da darajarsa kamar kuɗi. Mun tara hotunan Amitabh Bachchan da na Bruce Lee, muna gardamar wa zai kayar da wani in sun haɗu. Bayan Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya a 1994, wanda ya mallaki hotonsa sarki ne a unguwa. Son adana hoto kuwa ya girmi kakanninmu. Shanun da mutanen da suka zana a duwatsun Birnin Kudu shaida ne.

Amma mu tambayi kanmu, da za a juye mana buhun waɗannan hotuna yau, za mu ji daɗin da muka ji? Ko kusa. Darajarsu tana cikin wuyar samu, da abokin da muka yi musaya da shi a dandali, wanda watakila yau yana kabari ko yana ci-rani a Legas. Ɗan kasuwa zai iya sayar mana da katin, amma abokin fa, a wane kanti za mu same shi?

Akwai kuma batun adalci. Sau da yawa mai yabon kwalin sigari shi ne mai zagin yaron da ya duƙufa kan wayar salula. Laifi tudu ne. A wancan zamanin ma akwai yaran da suka koyi caca da kwali, da waɗanda suka guje wa makarantar allo saboda shi. Bege yakan tace jiya kamar rariya, ya riƙe tsaki a ɓoye, ya nuna mana gari.

Ba mu ce tuna baya aibu ne ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. Aibun shi ne mu mai da shi bulalar dukan 'ya'yanmu. Abin da ya kamata mu ɗebo daga jiya shi ne zama tare da musaya cikin amana, mu tabbatar yaranmu sun samu, ko da waya ce a hannunsu.

Mu marubuta kuwa, nauyinmu ya fi. Idan za mu rubuta ƙuruciyarmu, mu rubuta ta da daɗinta da ƙurarta. Yaron da ke latsa waya yau, shi ma wata rana zai yi begen yau ɗin nan. Allah Ya sa mu bar masa abin da ya cancanci a tuna.